Jirgin Talata Da Ban Shiga Ba

Kafanchan,
ranar Litinin.

'Yata Saratu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kin isa Sabon Tasha a Kaduna lafiya, kin kuma tarar da gwaggonki da yaranta lafiya. Mu nan muna lafiya, sai gwiwar nan tawa da kika sani. Ina roƙon Allah ya tsare ki a wannan tafiya, a ƙasa da a sama, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki.

Ranar Asabar da kika zo yi mini sallama, kin ciro wani ɗan kati shuɗi daga jakarki kika aza mini a cinya, kina murna. Kika ce, "Baba, ofishinmu na Nairobi za su riƙa tura ni ƙasashe. An ce in na iya tsara tafiyata, zan tara makin da zai kawo ni gida kyauta duk Kirsimeti. Kai ne gwanin abin nan, ka koya mini." Na juya katin, na mayar miki, na ce sai wani lokaci. Na ga ranki bai so ba. Ba rowa na yi miki ba. Abin da na kasa faɗa a gabanki shi ne zan rubuta yanzu, kuma ina roƙonki ki karanta har ƙarshe.

Kin san shekara goma sha tara na yi a ofishin tashar reluwe. Aikina tsara lokacin jiragen ƙasa: wanda ya taso daga Fatakwal, wanda ya gangaro daga Jos, a ina za su ba juna hanya, wane ne zai jira wane. Ina son aikin nan fiye da yadda nake nunawa. Da jirage suka fara raguwa, har ya zama muna wuni a ofis babu ko usur, sai Alhaji Sani mai sayen citta ya ɗauke ni. Tun kakanninsa suke kasuwanci a nan, kuma ya daɗe yana zuwa wurina neman wagunu. Ya ce shi ya san citta, ni na san takarda da Turanci, in muka haɗu za mu kai kayanmu Turai da kanmu ba sai ta hannun 'yan Legas ba. Haka na zama ɗan aikensa zuwa wurin masu saye.

A tafiyata ta farko na zauna kusa da wani ɗan kasuwa daga Anacha mai sayar da kayan mota. Shi ya fara nuna mini irin katin nan. Ya ce, "Oga, kada ka bar tafiya ta tafi a banza. Duk mil ɗin da ka yi a sama, kamfanin jirgi zai rubuta maka maki. In ya taru, su ba ka tikiti kyauta." Ya ƙara bayyana mini cewa kamfanin yana da ƙawaye, wato waɗansu kamfanonin jirgi da suka haɗa kai da shi. In ka hau jirgin ƙawa, makin zai shiga kati ɗaya. Lokaci zuwa lokaci kuma sukan sa garaɓasa: wanda ya bi ta gari kaza da jirgin ƙawa kafin wata ya ƙare, a ninka masa. Na cike takardar tun muna sama.

Bayan wata biyu katin ya zo ta gidan waya, tare da ɗan littafi mai jerin kamfanonin da garuruwan da suke sauka. Saratu, da na buɗe littafin nan ji na yi kamar an mayar da ni ofishina. Ga layuka, ga mahaɗa, ga lokacin tashi da na sauka. Abin da aka raba ni da shi ya dawo ta wata ƙofa. Kina iya tuna kwalin nan da na manna a bangon falo, na zana garuruwa na ja musu layi da jan biro da shuɗi? Ku yara kuna yi mini dariya. Mamanki kan ce, "Baban Saratu, abinci na hucewa, jirgin naka ba zai gudu daga bango ba."

Kuskurena na farko ƙarami ne, amma shi ya buɗe wa sauran hanya. A katin na rubuta Yohanna, sunan da kowa ya san ni da shi. A fasfo kuwa John ne, yadda malamin mishan ya rubuta tun ina firamare. Na yi tafiya biyu cikakku, zuwa da dawowa, makin bai shiga ba. Da na rubuta musu, suka amsa cewa sunan bai yi daidai ba, in aiko da guntun takardar shiga jirgi don su gyara. Ni kuwa na riga na zubar da su. Sati guda ina jin zafin abin nan kamar an yi mini sata.

To, ga abin da za ki riƙe a nan. Sunan da ke katinki ya zama shi ne a fasfo da tikiti, harafi da harafi. Kada ki yar da guntun takardar shiga jirgi sai kin ga makin ya shiga. Kafin a yanka miki tikitin kamfanin ƙawa, ki tambaya ko irin wannan tikitin yana kawo maki, domin masu arha da yawa ba sa kawowa, kuma ba za su gaya miki ba sai kin tambaya. Ki san kuma cewa makin yana da wa'adi, in ya daɗe ba a taɓa shi ba yakan mutu. Wannan ita ce duk gwanintar da kike nema, ba ta cika shafi guda ba. Amma in wani maki ya ɓace miki, ki bar shi ya tafi. Ni ban bari ba. Na yi wa kaina alkawari ba za a sake cuta ta ko da mil ɗaya ba, kuma daga ranar na daina tambayar wace hanya ce ta fi sauri. Sai wadda ta fi maki.

Kuskure na biyu Alhaji Sani na yi wa. Wata shekara citta ta yi kyau ƙwarai. Wani babban mai saye a birnin Hambug, can Turai, ya ce in kawo masa samfuri ranar Alhamis, in ta yi masa zai ɗauki duk abin da muke da shi. A kan maganar nan Alhaji ya gaya wa manoman Kwoi da na wajen Godogodo su tsaga, su shanya, kada su sayar wa kowa. Akwai jirgin da zai kai ni da sauka ɗaya. Amma a watan nan an sa garaɓasa ga wanda ya hau jiragen ƙawaye biyu a tafiya guda. Na zauna da birona na fitar da hanya mai sauka uku. A takarda komai ya yi daidai, har da rarar awa biyu. Na gaya wa Alhaji jirgin kai tsaye ya cika.

A sauka ta biyu aka canja kamfani, jakar samfurin ba ta biyo ni ba. Na isa ofishin mutumin ranar Alhamis da kwat ɗina da takarduna, babu ko ƙwayar citta. Ya saurare ni da ladabi, ya ba ni shayi, ya ce zai jira har Litinin. Jakar ta iso Laraba. Kafin nan ya riga ya ƙulla da waɗansu.

Ba zan manta zuwanmu Godogodo bayan na dawo ba. Buhuna jibge a rumfuna, ruwan farko ya kusa. Wani tsoho da ya hana matarsa sayar da buhu biyu don bikin 'yarsu ya dube ni ya ce, "Malam Yohanna, Baturen bai so kayanmu ba ne?" Na ce jirgi ne ya ɓatar da jaka. Gaskiya ce, amma rabinta. Alhaji ya kwashe cittar nan duka don kada ta lalace a hannunsu, ya sayar a Legas a wulaƙance.

Bayan kwana kaɗan ya kira ni shagonsa. Ya je Kano wurin mai yankar mana tikiti, zance ya kawo zance, ya ji cewa jirgin kai tsaye bai cika ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, da ka ce mini kana son bi ta can don katinka, da na ce ka riƙe jakar a hannu. Abin da ya dame ni, ka ce mini ya cika." Na sunkuyar da kai na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce, kuma bai sake tayar da maganar ba. Bai kore ni ba. Da ya kore ni a ranar, wataƙila da na farka.

'Yata, tafiyar da aka aike ki ta wanda ya aike ki ce. Ke ma'aikaciyar lafiya ce, marasa lafiyar da za ki je dominsu su ne masu tafiyar. In maki ya zo a kan hanyar da ta dace, ki karɓa ki gode. In sai kin lanƙwasa hanya kafin ya zo, ki tambayi mai aiken a fili. Duk ranar da kika ji kina shirya abin da za ki faɗa wa shugabarki don kada ta gane dalilin da ya sa kika bi ta wani gari, ki tsaya nan. Kin riga kin kauce.

Yanzu na zo kan Mamanki.

Tun farkon samun katin na yi mata alkawarin kai ta Urushalima da tikitin kyauta. Ba mace mai roƙo ba ce, kin sani, amma wannan ya shiga ranta. Ta gaya wa 'yan zumuntar mata. Ta sayi takalmin roba mai laushi don an ce akwai hawa da sauka, ta ajiye a akwati cikin leda. Bayan shekara biyu makin ya isa tikiti ɗaya. Ta ce, "To, mu tafi mana. Ni in hau na kyauta, kai ka sayi naka." Muna da halin yin haka a lokacin. Na ce ta ƙara haƙuri, saura kaɗan ya isa mutum biyu. Da ya isa mutum biyu, na ce saura kaɗan in sami katin zinariya, wanda ake shigar da mai shi ɗakin hutawa na manya, a ba shi kujera mai faɗi. Na ce ina so ta yi tafiyar kamar matar gwamna. Ta yi dariya ta ce, "Ni ko a tsaye ne, in dai zan ga Kogin Urdun da idona." Na ɗauka wasa take yi. Ina tsammani ina tara mata abu ne. Yanzu na gane tarawar nake so, kuma kashewa na yi mini ciwo ko da a kanta ne.

In kin yi niyyar faranta wa mutum, ki yi da abin da ke hannunki yau. In makinki ya isa Legas kaɗai, ki zo Legas ki hau mota. Kada ki jira ya cika.

Sauran labarin kin san shi, don ke ce kike gefen gadonta. Amma akwai abin da ba ki sani ba.

Lokacin da ciwon ya kwantar da ita ina birnin Rotadam, a Turai. Ranar Litinin da safe Alhaji ya aiko da saƙon fas, wato takardar da ake turowa ta layin waya, zuwa masaukina: an kwantar da Hannatu, Mamanki, a asibiti, likita ya ce in dawo. Nan take na tafi ofishin kamfanin jirgin. Matar da ke kan tebur ta duba na'urarta ta ce akwai jirgi gobe Talata, kai tsaye zuwa Kano, kuma akwai wuri. Ta ce za ta canja mini tikitin. Har na miƙa mata. Sai ta ga katina a cikin fasfo, ta ce, don ta taimake ni, in na canja zan rasa garaɓasar watan. Tikitin da ke hannuna na Juma'a ne, ta wani gari, da jirgin ƙawa. Shi ne zai cika mini abin da ya rage in sami katin zinariya, kuma wa'adin shekarar zai ƙare a ƙarshen watan nan. Na ce mata bari in yi waya gida tukuna.

Na kira gidan Alhaji da rana, aka je asibiti aka kira ki. Kin tuna? Na ce, "Yaya jikin nata?" Kika ce, "Da sauƙi yau, Baba. Ta sha kunu, har ta zauna." Kina da shekara goma sha tara, kina so ki kwantar mini da hankali. Ni kuwa abin da nake nema ke nan. Ban tambaye ki abin da likita ya ce ba. Ban ce a ba ni Alhaji ba. Da kika ce, "Yaushe za ka zo?" sai na ji bakina yana cewa, "Babu wuri a jirgi sai Juma'a."

Akwai wuri, Saratu. Ni ne ban shiga ba.

Na gaya wa kaina dalilai iri-iri a kwana ukun nan. Na ce ai ta sha kunu. Na ce katin zinariyar nata ne, da ta warke sai Urushalima. Na ce kwana uku ba kome ba ne. Ranar Talata ina zaune a bakin ruwa ina kallon jiragen ruwa ana loda musu kaya, na duba agogo daidai lokacin tashin jirgin, na ce a raina yanzu kam ya wuce, ba sauran abin da zan iya yi. Har wani sauƙi na ji. Wannan sauƙin shi ne abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata.

Na sauka Kano ranar Asabar da safe. Da na fito na ga Alhaji Sani da kansa a tsaye, ba direbansa ba, na san abin da ya faru. Ya karɓi jakata ya ce, "Malam, sai haƙuri. Tun ranar Alhamis da la'asar." Shi ne mutum ɗaya a duniya da zai iya gane abin da na yi, don na taɓa yi masa. Bai tambaye ni ba, a ranar ko bayanta. Ya tsaya da mu a wajen jana'iza tun daga farko har aka watse.

Bayan an yi kwana bakwai kika zauna kusa da ni a tsakar gida kina ba ni labarin kwanakinta na ƙarshe. Kika ce ranar Laraba ta tambaya ko na sami jirgi, kika ce mata babu wuri sai Juma'a. Kika ce sai ta ce, "Babanku ya san hanyar jirgi fiye da masu jirgin. In ya ce babu, to babu." Kin faɗa mini haka don ki sanyaya mini zuciya. Shekara biyar ke nan ina juya maganar nan. Wata rana in ji kamar ta yarda da ni ne har ƙarshe. Wata rana in ji kamar ta gane, ta rufa mini asiri a gabanki. Ban san wanne ya fi zafi ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Katin zinariyar ya iso bayan sati shida, da wasiƙar taya murna. Ban sake hawa jirgi ba. Na ce wa Alhaji ya nemi wani ɗan aike, ni zan tsaya a sito ina duba awo. Makin nan duka na bar shi har wa'adinsa ya cika ya mutu. Kun ɗauka baƙin ciki ne ya hana ni tafiya. Har da shi, amma ba shi kaɗai ba.

Ba ina ce miki ki jefar da katinki ba. Kati bai yi mini ƙarya ba, ni na yi. Ki tara makinki yadda na koya miki a sama, ki kashe shi da wuri, ki kashe shi kan mutane. Amma ranar da aka ce miki ki zo gida, kada ki buɗe littafi, kada ki duba kati, kada ki yi waya don neman wanda zai ce miki da sauƙi. Ki tambayi jirgin da zai fara tashi ki shiga, ko na wane kamfani ne, ko a kujerar ƙarshe kusa da bayi. In kin iso kin tarar mutum yana zaune yana cin tuwo, ba ki yi asara ba.

Kuma ki yi hankali da abin da kika iya. Ba giya ce ta ɓatar da ni ba, ba mata ba. Abin da na fi gwaninta a kai ne, abin da mutane ke yabona da shi. Ke ma kina da irin kaina, tun kina ƙarama kike jera abubuwa kina lissafa hanya. Shi ya sa da na ga yadda idonki ke haske a kan katin nan, gabana ya faɗi.

Na yi tunanin in bari sai kin isa Nairobi in aika miki da wannan ta gidan waya. Na ga in na yi haka, na sake zaɓar wa kaina hanya mai sauƙi. Don haka zan ba direban motar Kaduna ya kawo miki gobe, kwana huɗu kafin tashinki. In kina so ki zo ki faɗa mini abin da ke ranki ido da ido, akwai lokaci, kuma ina gida. In ba ki son ganina yanzu, ki tafi abinki, ba zan ga laifinki ba. Ina neman gafararki don ƙaryar da na yi miki, da kuma don na sa kin kai ta bakin gadon uwarki da bakinki. Ba ki da laifi a cewa ta sha kunu. Gaskiya kika faɗa.

Ƙanenki Ishaku bai sani ba. Ina roƙonki kada ki riga ni gaya masa. Ranar Lahadi in an tashi sujada zan zaunar da shi in faɗa masa da kaina. Daga nan zan wuce shagon Alhaji, shi ma in faɗa masa abin da ya daɗe da sani.

Ubangiji ya kai ki lafiya, ya sauke ki lafiya. Ya tsare ki daga mugun haɗari da mugun aboki, ya sa albarka a hannunki a kan duk majinyacin da za ki taɓa. Ya ba ki zuciyar da ta fi tawa saurin juyowa gida. Ki gaishe mini da gwaggonki da mijinta.

Ni ne mahaifinki,
Yohanna